Zagin da Baba Kofur Ya Zo da Shi Daga Labanan

Kwanan baya wasu samari suka shigo shagona da ke bayan tasha a Gusau, kowa da waya a hannu, suka ce sun zo in ɗauke su aikin fassarar fim. Na tambaye su me suka iya. Babbansu ya ce ai aikin yanzu ba wuya, waya ce ke fassarawa, mutum karantawa kawai zai yi. Na ce madalla. Na kunna musu wani fim na 'yan fashin banki, daidai inda motarsu ta ƙi tashi ga 'yan sanda sun taso, direban ya naushi sitiyari ya saki baki. Na ce to, ku ba wayar ta ji. Wayar ta rubuto abin da ta rubuto, saurayin ya fara karantawa da ƙarfinsa, ya kai tsakiya ya tsaya cak, ya leƙa ƙofa ko akwai mai wucewa. Na ce ƙarasa mana, ai karatu ne kawai. Bai ƙarasa ba. Saboda irinsu na zauna nake wannan rubutu, don na gaji da maimaita wa kowa baki da baki.

Sunana Bala, amma daga Tsafe har Bungudu in ba ka ce Bala Tafinta ba, ba wanda zai nuna maka ni. Tun ina saurayi nake mayar da finafinan Turawa Hausa, ga shi yau gemu ya yi fari. Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, Turancin fim ba Turancin makaranta ba ne. Kusan rabin abin da Bature ke faɗi in ransa ya ɓaci, ko ya ji daɗi, ko ya ji tsoro, zagi ne da ashar. Wanda bai san kan zagin Turawa ba, ko da digiri ya zo mini, sai dai in sa shi sharar shago.

Kuma in gaya muku gaskiya, Bature matalauci ne wajen zagi. Mu nan in tsohuwa ta tashi wanke mutum, sai ta faro daga kunnensa, ta bi ta tafiyarsa, ta sauka kan kakansa da ya ci bashin goro bai biya ba, kuma ba ta maimaita kalma ɗaya. Shi Bature kayan aikinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Akwai kashi, akwai kare, akwai jaki da duwawunsa, sai kuma abin da ke faruwa a ɗakin ma'aurata. Wannan ta ƙarshe, wadda ke farawa da “fo”, ita ce uwar tafiya. A cikin sana'a gishiri muke ce mata, don ba miyar da ba sa zuba ta. Mota ta lalace, gishiri. An ci caca, gishiri. An ga kyakkyawar mace, gishiri. In kuwa aka haɗa ta da uwar mutum, wannan barkono muke kira, ita ce mai sa tafinta gumi. Sauran ƙananan, irin su idiyot da bastad da bladi ful, ko ɗan kamasho a tasha ya san su, ba su da wani tasiri.

Wurin Ɗanjuma Rediyo na koyi aiki, a gidan kallonsa da ke Tsafe. In na ce gidan kallo kada ku kawo wani abu babba a ranku. Rumfar kwano ce da bencina, talabijin a bisa durom, bidiyon kaset a gefe, sai janareta a waje da ke tari kamar mai shan taba. Makirfo ɗaya gare mu, an ɗaure wuyansa da robar tayar keke, an sa masa safa a kai saboda yawu. Ba ɗauka ake yi a gyara ba kamar yanzu. Fim na tafiya, kai kana tsaye gefen talabijin, kai ne jarumi, kai ne mugu, kai ne budurwa, in kare ya yi haushi ma wani lokaci 'yan kallo sai sun tambaye ka me ya ce. Abin da ya fita bakinka ya fita ke nan.

Ɗanjuma bai yi boko ba. Yaron mota ya yi a babbar mota mai zuwa Ikko, ya zauna bakin tashar jiragen ruwa yana jiran lodi har Turancin ma'aikatan jirgi ya zauna masa a baki. Ni kuwa na gama sakandare, ina ji da kaina. Da na zo, na ɗauka makirfo zai miƙo mini. Sai ya miƙo mini mafici, ya ce in riƙa yi wa bidiyo fifita kada ya yi zafi ya cinye kaset. Na daɗe a kan wannan muƙami. Daga nan aka ƙara mini girma, na koma mai mayar da kaset baya da hannu in wuta ta yi ƙasa.

Ranar da ya fara koya mini aiki na gaske, muna zaune ƙofar rumfa yana shan rake. Sai ya yi kamar ya yi tuntuɓe, ya riƙe ɗan yatsa, ya saki kalmar gishirin nan. Ya dube ni.

“Mi na ce da Hausa?”

Na sunkuyar da kai na faɗa masa ma'anarta yadda take. Ya kwaɗa mini guntun rake a ka.

“Wawa. Mutum ya yi tuntuɓe shi tuna da wanga zance? Wayyo na ce.”

Ya miƙe, ya zare ido, ya nuna ni da yatsa kamar zai shaƙe ni, ya sake faɗin kalmar. Ya ce wannan kuma fa? Na ce tsinanne. Ya ce yauwa. Sai ya saki fuska, ya rungumo kafaɗata yana dariya kamar mun shekara ba mu haɗu ba, ya sake faɗinta, ita dai wannan kalma ɗaya. Na auna ta, na ce, “Shege, kana nan?” Ya miƙo mini sauran raken, ya ce gobe ni zan riƙe makirfo.

Wannan shi ne aikin gaba ɗaya. Zagi awo gare shi kamar hatsi. Ba kalmar kake juyawa ba, nauyinta kake aunawa, ka nemo na Hausa mai nauyi daidai da shi wanda kuma za a iya faɗi gaban mutane. In ka zuba ya yi yawa, ka zama ɗan iska, iyaye su hana yaransu zuwa. In ka rage ya yi kaɗan, ka zama maƙaryaci, kuma 'yan kallo ba wawaye ba ne. Suna ganin jijiyar wuyan mutum ta tashi, sun san ba gaisuwa yake yi ba.

Masu kallo kuwa kowa da irin nasa. Direbobi da mahauta su ne 'yan bencin gaba, su kam sai an zuba musu yaji, in ka yi sanyi su fara buga benci. Malaman firamare a baya suke zama, hannu a ƙirji, suna jira ka yi kuskure su yi tsaki. Da zamani ya juya muka koma ɗauka a kwamfuta muna sayar da faifai, sai matan gida suka zama manyan masu saye, aka ce mana mu rage gishiri saboda yara. Muka rage. Sai ga wata Hajiya daga Mada ta aiko a maido mini da faifai, da saƙon cewa mugun fim ɗin nan nawa ya cika ladabi, in dai haka mugaye suke to ita tana da 'ya, ya turo magabatansa. Tun ranar na daina biye wa kowa, nake bin awona.

Amma na tsallake shekarar da ta fi kowace muni, kuma ita ce nake son ku ji.

A shekarar ne hukuma ta fara rufe gidajen kallo. Na Gusau suka fara tafiya, mu na Tsafe muna zaune muna jiran namu. A lokacin in aka ce ga mai aikin gidan kallo, kallon da ake yi masa bai fi na mai sayar da burkutu ba. Ni kuma, da yake ban iya zaɓen lokaci ba, a wannan shekarar na ga matar da nake so in aura.

Rabi sunanta, 'yar Bungudu. Na gan ta ne wurin Inna Tumba, wata tsohuwa mai sayar da masa a bakin tashar Gusau, inda nake karyawa duk ranar da na je ɗauko sababbin kaset. Rabi kan zo ta taya ta aiki. Na ci masar da ban san iyakarta ba kafin in samu ta ɗaga ido ta dube ni. Da magana ta yi nisa, na tura manyana Bungudu. Aka karɓe su da mutunci, aka ce za a yi bincike. Ni kuwa na san abin da binciken zai tono. Duk wanda aka tambaya a Tsafe zai ce, ai Bala yaron kirki ne, sai dai da zagi yake cin abinci.

Uban Rabi tsohon soja ne, Baba Kofur ake ce masa. Sau ɗaya na taɓa zuwa gaishe shi. Na tuɓe takalma tun daga nesa, na durƙusa, idona a ƙasa, abin da na iya gani nasa bai wuce ƙafafunsa da gindin sandarsa ba. Haka ake yi, kun sani. Mai neman 'yar mutum ba ya haɗa ido da shi, ba ya kama sunansa, ba ya cin abinci gabansa, balle wata magana mai ƙazanta ta gifta tsakaninsu.

Wata ranar kasuwar Tsafe bayan la'asar, rumfa ta cika maƙil. Ɗanjuma ya tafi Gusau jin yadda ake ciki game da rufewar, ya bar ni ni kaɗai. Fim ɗin yaƙi muka sa a allo tun safe, irin wanda sojoji ba sa buɗe baki sai da gishiri. Na sa kaset, na hura makirfo, na juyo in yi wa jama'a sallama. Sai idona ya sauka kan wata sanda a bencin gaba, tsakanin mahauta biyu. Na san sandar. Na bi ta da ido zuwa sama, na ga dattijo da farar riga da hula, ya zauna a miƙe kamar ana faretin safe. Baba Kofur bai aiko kowa bincike ba, da ƙafarsa ya zo tun daga Bungudu.

Na yi tunanin in kashe janareta in ce mai ya ƙare. Na yi tunanin in faɗi in ce aljanu. Kafin in yanke shawara fim ya fara, wani sajan mai wuya kamar turmi ya sa bakinsa a fuskar wani kurtu yana zazzaga masa gishiri da barkono har yawu na fallatsa. Jama'a suka gyara zama, sun san nan ne nake nuna gwaninta. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa, “Ɗan'uwa, don Allah gyara tsayuwarka.”

Sajan ya ƙara matsawa, ya ambaci uwar kurtun da kakarsa. Na ce, “Ina fata ka baro mutanen gida lafiya.”

Haka na bi fim ɗin nan ina wanke shi tas kamar kwanon baƙo. Aka harbi wani a cinya ya faɗi yana kururuwar ashar, na ce, “Kash, wannan abu bai yi daɗi ba.” Jirgin abokan gaba ya yi musu ruwan wuta, kowa na zagin uwar matuƙin, na ce, “Jama'a, mu yi haƙuri da shi.” Wani direba ya ɗaga murya ya ce, “Bala, yau azumi kaka yi?” Wani ya ce a maido musu da kuɗinsu, wa'azi ai kyauta ake yin shi. Ɓawon gyaɗa ya fara sauka a kaina. Ni dai ina satar kallon sandar nan, ba ta motsa ba.

Can wajen ƙarshe, motar sojoji ta taka nakiya ta kama da wuta. Wani soja ya kutsa cikin hayaƙi ya jawo abokinsa, ya kwantar da shi, ya ga yana numfashi. Ya kama fuskarsa da hannu biyu yana dariya, ya ce masa, “Yu loki son of e bic.” Na ce, “Sannu, bawan Allah.”

Sandar ta bugi ƙasa. Baba Kofur ya miƙe, ya dube ni, wannan karon ban san lokacin da na haɗa ido da shi ba. Ya ratsa mutane ya fita.

Ba a jima ba aka zo aka sa wa rumfarmu kwaɗo. Ɗanjuma ya sayar da janareta ya koma noma, ni na karɓi babur ɗin yayana na fara kabu-kabu a Gusau. Daga Bungudu kuwa shiru. Rabi ta daina zuwa wurin masa. Na rame, na yi baƙi, abinci ya daina yi mini daɗi, don ina son yarinyar nan so na gaske. Da na kasa daurewa na je na tsuguna gaban kaskon Inna Tumba na tambaye ta laifina. Na ce ko kalma ɗaya marar kyau ban faɗa ba a gaban Baba Kofur.

Ta juya masa, ba ta ko dube ni ba. “Shi na laihinka. Ya ce ba shi ba maƙaryaci ɗiyatai. Kai, mutumin da yay yi rabin rayuwatai a bariki za ka gaya ma sajan na tambayar lahiyar gida?”

Na ce, “Inna, to in zagi uwar wani gaban surukina?”

“Wanga kuma ku ta shahwa. Ya ce ka ishe shi gida ran Lahadi da hantsi. Ni ma zan tahi, in ga yadda za a yanka ka.”

Ranar na sa rigata ta Sallah, na ɗauki Inna Tumba a babur muka nufi Bungudu. Baba Kofur na zaune a zaure bisa buzu. Na tuɓe takalma na rakuɓe a bakin ƙofa. Ita kuwa ta shige kanta tsaye tana cewa, “Ina ragon sojan da yaƙi ya ƙare bai harbi ko zomo ba?” Ya ce, “Tsohuwar banza, wa ya kira ki? Ko masar ta ƙi sayuwa?” Sai a sannan na tuna abin da Rabi ta taɓa gaya mini, cewa uwar Inna Tumba da uban Baba Kofur ciki ɗaya suka fito. Taubasai ne. Duk duniya ita ce mutum ɗaya da za ta faɗa masa abin da ta ga dama ya yi dariya.

Bayan gaisuwa ya yi gyaran murya, ya ce zai ba ni labari. Yana soja an tura su ƙasar Labanan aikin tsaron zaman lafiya. Wata rana motarsu ta taka nakiya, ta kife, ta kama da wuta. Waɗanda ke gaba ba su fita ba. Shi yana baya, ƙarfe ya danne masa ƙafa. Sai wani Baturen soja, wanda bai taɓa gani ba, ya shigo cikin hayaƙin ya jawo shi har bakin hanya. Da ya buɗe ido, Baturen ya faɗa masa wata magana, aka ɗauke shi zuwa asibiti, bai sake ganin mutumin ba, ko sunansa bai sani ba.

“Maganar ta zamna mani a kai,” in ji shi. “Na san bladi ful, na san bastad, da su anka yi muna horo. Wagga ban san ta ba. Na tambayi hafsanmu, yac ce ai ce maka yay yi ka yi sa'a. Na dawo gida na tambayi hedimasta, yac ce addu'a ta. Na tambayi wani ɗan bautar ƙasa, yay yi dariya yac ce in bar zancen. Kowa sai shi sunkuyar da kai kahin shi ba ni amsa, kuma maganar doguwa, amsar gajera. Anka ce mani kai zagin Turawa ne sana'arka, na ce to ga wanda za shi gaya mani gaskiya. Na zo, na ji maganar da kunnena cikin akwatin ku, kai kuma kac ce sannu bawan Allah.”

Ya gyara zama, ya faɗi maganar, tsaf yadda Baturen ya faɗe ta, har da karyewar harshen. Jin ta a bakin dattijo mai furfura cikin zauren Bungudu ya sa tsigar jikina ta tashi.

“To, mi yac ce? In ka yi mani ƙarya, ka tashi ka ba ni wuri. Ɗiyata ba ta zama da mai gyara magana.”

Gumi ya jiƙa rigar Sallar nan. In na faɗa, na dubi uban yarinyar da nake nema na kira uwarsa da sunan dabba, a cikin zaurensa, kuma ko shi ya yafe, duk Bungudu za ta ji. In na wanke, Rabi ta tafi. Na dubi ƙasa, na dubi takalmana a waje, har na fara auna tsawon hanyar gudu. Sai na ji Inna Tumba tana tauna goro a gefena, ƙas, ƙas, hankalinta kwance.

Na ce, “Baba, bakina ba shi iya ɗaukar wagga magana zuwa gare ka. Amma in ka yarda, in hwaɗa ma Inna, ita ta kawo maka.”

Ya dubi tsohuwar. Ita kuwa har ta tofar da goron ta matso, fuskarta kamar an ce mata ga kujerar Makka.

Na kai baki kunnenta na raɗa mata. Ta ce, “Iye?” Na sake. Ta ce, “Ɗaga murya, yaro, kunnen ga ya sha hayaƙin kasko.” Na ɗaga. Ta ce har yanzu ba ta ji ba. Sai da na faɗe ta da ƙarfin da na tabbata akuyar da ke ɗaure a waje ta ji, sannan ta gyaɗa kai. Duk wannan abu Baba Kofur ya kafa wa azarar zaure ido, kamar mai ƙirga ta, bai ji komai ba tunda ba da shi nake ba. Na rantse tsohuwar nan tun raɗar farko ta ji.

Ta juya ta fuskance shi, ta gyara ɗaurin kallabi, ta kama sunansa na yanka. “Isa, Allah shi jiƙan uwarka, mace ta gari, ba ni nac ce ba, Bature yac ce. Cewa yay yi kai ɗan macen kare na. Amma mai sa'a.” Ta kwashe da dariya har da buga cinya. “Wayyo ni Tumba! Shekara da shekaru kana yawo da ita kamar lambar girma!”

Shi bai yi dariya ba. Fuskarsa ta haɗe, hannunsa ya damƙe sandar. Ya ce a hankali, “Dama na zarga. Ya hid da ni wuta, amma kare yag gani.”

Nan na ga aikin bai ƙare ba, kalmar kawai aka kai, ba a kai nauyinta ba. Na ce, “Inna, tambayar mani Baba, lokacin da Baturen ya hwaɗi haka, yaya huskatai take?”

Ba ta ma buɗe baki ba ya amsa, yana kallon bango. Ya ce mutumin ya durƙusa ne a kansa, ya riƙe masa kumatu da hannu biyu, hannun duk ƙuna. Yana dariya, hawaye na zuba ta cikin baƙin hayaƙin da ke fuskarsa.

Na ce, “To Inna, gaya ma Baba wanga ba zagin raini ba na. A bakinsu, irin wadda mutum ka hwaɗa ma abokinai na ƙut-da-ƙut ta, wanda da ya mutu da ta ƙona mai rai. In da Bahaushe na, ya jawo abokinai daga rijiya ya ga yana numhwashi, abin da za shi ce shi na, shege, ka sha!”

Inna Tumba ta daina dariya. Ta dube shi, ta faɗa masa a hankali, ba da wasa ba wannan karon. “Shege, ka sha, Isa.”

Sai na ji motsin mutum a bayan ƙyauren cikin gida, na kuma san ko wace ce. Baba Kofur ya cire hula, ya shafa kai, ya sa hannun riga ya goge ido ba tare da ya ɓoye ba. Ya ce shekarun nan duka yana sa mutumin a addu'a, amma kullum da ɗan ƙulli a zuciyarsa. Ni ma na ji idona ya kawo ruwa, na ƙara sunkuyar da kai.

Can ya mayar da hularsa, murya ta koma ta kofur.

“An ce an ruhe gidan kallon naku.”

“An ruhe, Baba.”

“Da mi za ka ci da ita?”

“Kabu-kabu nika yi, Baba. Babur ɗin ma na yayana na.”

“Ba aiki, ba babur, ba ko kunya cikakka, tunda na ji ka da kunnena.” Ya daɗe yana kallona, ni ina kallon gindin sandarsa. Sai na ji sandar ta taɓa mini kafaɗa, ya ce, da Turancinsa na Labanan, “Yu loki son of e bic.”

Inna Tumba ta zabura. “To, tafinta, ga aiki ya samu. Mi yac ce?”

Na dubi ƙasa, na auna ta yadda Ɗanjuma ya koya mini, na ce, “Inna, cewa yay yi ya ba ni.”